Ƙafar keke a unguwannin JFK: shawarwari kafin saye, gyara ko aikawa gida

A unguwannin da suka kewaye filin jirgin sama na JFK a New York, irin su South Ozone Park, Jamaica, Springfield Gardens da Howard Beach, keke ba abin wasan yara kaɗai ba ne. Wani da shi yake kai wa mutane abinci ya ci nasa abincin, wani da shi yake isa tashar jirgin ƙasa da asuba, wani kuma ya saya ne don ya yi wa ɗan'uwa tsaraba a Kano ko Maraɗi. Dukkansu a wuri ɗaya suke yin asara, wato ƙafa. Firam yakan yi shekara ashirin bai ce uffan ba, amma taya da tub da wili su ne kullum ke cin kuɗin maigida. Ga abubuwan da ya kamata a sani.

1. Ka san abin da ya haɗu ya zama ƙafa. A tsakiya akwai hob, cibiyar da ke ɗauke da aksil da boris. A waje akwai rim, da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai. Tsakaninsu sifok ne, kowanne da ɗan notinsa a jikin rim. A cikin rim ɗin akwai wani ƙyalle ko roba da aka naɗa don ya rufe kawunan sifok, sannan tub da bawul ɗinsa, sannan taya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, sifok ba tokare rim yake yi ba, ja yake yi. Kowane ɗaya an ɗame shi tamau, kuma wannan jan da suke yi daga kowane ɓangare shi ne ke sa siririyar waya ta ɗauki ƙato da buhun shinkafa. Da zarar jan ya bambanta, wili ya fara rawa.

2. Kada ka sayi taya ko tub da sunan inci. Wannan ita ce shawarar da ta fi duk sauran, don haka zan daɗe a kanta. Ka durƙusa ka duba gefen tayar da ke kan keken. Za ka ga rubutu iri biyu. Ɗaya irin su 26 x 1.95 ko 700 x 35C. Ɗayan kuma lambobi biyu ne da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559 ko 37-622. Na biyun shi ne gaskiyar magana. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyun kuma faɗin da'irar rim daidai inda bakin taya yake zama. Idan lambar ta biyu ba ta zo ɗaya ba, taya ba za ta hau ba, ko kuma ta hau ta fita a kan hanya.

Dalilin da ya sa inci ke yaudara shi ne, kowace ƙasa da kowane kamfani sun yi nasu awon a da. Inci 26 kaɗai ya kasu gida-gida: na keken hawan dutse 559 ne, na tsofaffin kekunan Ingila masu giya uku 590, wasu tsofaffin Schwinn na Amurka kuma 597. Duka ana ce musu 26, kuma babu wanda ke shiga na wani. Wanda ake kira 700C, na yawancin kekunan cikin gari da na tsere, 622 ne, kuma shi ɗin ne dai ake kira 29 idan aka sa masa taya mai kauri. Tsohon inci 27 da ke jikin kekunan Amurka na shekarun 1970 da farkon 1980, waɗanda har yanzu ake tsinta a kasuwar gwanjo, 630 ne. Ka ga ke nan rim ɗin 27 ya fi na 29 girma. Wanda ake cewa 27.5 kuwa 584 ne. A kekunan yara da masu naɗewa, inci 20 yakan zama 406, amma akwai 451, inci 16 kuma yakan zama 305, amma na Brompton 349 ne.

Namu na gida, baƙin Raleigh da Phoenix mai birkin sanda, wanda malamin makaranta da mai sayar da kananzir suka hau shekara da shekaru, inci 28 ne mai lamba 635. Jamusawa kuma suna kiran 622 da sunan inci 28. To idan ɗan'uwa ya bugo waya daga Katsina ya ce a sayo masa taya 28, ka ce ya ɗauki hoton gefen tayarsa ya turo. Milimita 13 ne tsakanin 622 da 635, amma sun isa su mayar da tsarabarka kayan ajiya a bayan ɗaki.

Ka ɗauki hoton lambar kowane keke da ke gidan ka ajiye a waya. Uwargida ma ta samu, don ranar da za ta biya shago kai kana wurin aiki.

3. Bawul iri uku ne. Mai kauri irin na mota shi ne Schrader, kuma ɗan garin nan ne: sunan August Schrader ne, Bajamushen da ya kafa sana'arsa a New York, aka kuma yi wa bawul ɗin rajista a 1893. Siririn mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a buga iska shi ne Presta. Na uku shi ne Dunlop, wanda duk wanda ya tashi a arewa ya san shi, mai 'yar robar nan a ciki da ke ruɓewa a canja ta. Ramin rim na Presta ya fi ƙanƙanta, don haka bawul ɗin mota ba ya shiga. Kada ka ɗauko abin huda ka faɗaɗa ramin siririn rim. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa kan Presta ya karɓi famfon mota, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ka saya ka ɗaure shi a jikin makullanka. Idan rim ɗinka mai zurfi ne, ka duba tsawon bawul a kwalin tub, don gajere ba zai leƙo waje ba.

4. Iska, kowane mako. Sau da yawa facin da ake yi a birnin nan ba ƙusa ce ta jawo shi ba, ƙarancin iska ne. Tub yana sace iska a hankali ko da lafiyarsa ƙalau, kuma da sanyi ya shigo sai ta ƙara raguwa. Ka sayi famfon da ake takawa a ƙasa mai agogo, ka bi adadin da aka rubuta a gefen taya. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Famfon gidan mai kuma an yi shi ne don tayar mota, yana turo iska da yawa a lokaci ɗaya, sai a yi hattara da ƙaramar tayar yara.

5. Ka saurari sifok. Ka ɗaga ƙafar ka juya ta, ka zuba wa tazarar da ke tsakanin rim da robar birki ido. Idan rim na matsowa yana komawa, wili ya fara rawa. Sai ka bi sifok bibbiyu kana matsawa da hannu, ko ka riƙa ƙyasta su da farce. Masu lafiya za su ba da sauti kusan iri ɗaya, wanda ya saki kuma za ka ji shi dum. Idan ɗaya cikin 36 ya tsinke, kada ka ce ai saura 35. Nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa, su ma suna hanya. Ka naɗe tsinkakken a jikin na kusa da shi don kada ya shiga sarƙa, ka kai gyara a makon.

Ɗan ƙaramin gyara kana iya yi da kanka da makullin sifok, amma da sharaɗi: rubu'in juyi kawai a lokaci ɗaya, ka juya ƙafar ka duba, sannan ka ƙara. Mai gaggawa yakan gyara rawar gefe ya haifar da tsalle. Idan sifok uku ko huɗu sun tsinke cikin 'yan watanni, sauran ma sun gaji, sai a sake ɗaurin wilin gaba ɗaya ko a sayi sabo. A New York kuɗin hannun makaniki yakan sa sabon wili ya fi sauƙi, saɓanin gida inda mai gyara a gindin darbejiya zai zauna ya saƙa maka shi sifok bayan sifok.

Yawan sifok ma abin dubawa ne. Kekunan tsere suna zuwa da 20 ko 24 don rage nauyi. Mai ɗaukar kaya, ko mai jiki, ya nemi 32 ko 36. Ba banza ba tsohon Raleigh ke da 32 a gaba, 40 a baya: masu ƙera shi sun san inda nauyi yake.

6. Rim: a nemi na alminiyam mai bango biyu. Kekunan manyan kantuna masu araha sukan zo da rim mai bango ɗaya, wanda rami guda a Rockaway Boulevard, inda manyan motocin kayan filin jirgi suka cinye kwalta, ya isa ya lanƙwasa shi. Mai bango biyu yana da rufi a ciki, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Rim na ƙarfe mai ƙyalli kuwa yana da aibi ɗaya babba: idan ya jiƙe, robar birki ba ta kama shi sai ta sha zagaye. A Zinder wannan ba wata damuwa ba ce watanni tara a shekara. A Queens kuwa, inda ake ruwa ko ƙanƙara kowane wata, damuwa ce. Rim na kabon na 'yan tsere ne, maigida ya bar musu abinsu.

Idan birkinka mai kama rim ne, to rim ɗin yana cinyewa a hankali. Ka shafa gefensa da yatsa. Idan ya yi kwarmi, ko ɗan layin da wasu kamfanoni ke sakawa a matsayin alama ya shafe, lokacinsa ya yi, don rim da ya sirance yakan tsage ne farat ɗaya da ƙara kamar bindiga. Idan kuma birki mai faranti ne, wilin da za ka saya dole hob ɗinsa ya kasance mai mazaunin faranti, kuma mazaunin iri biyu ne: mai kusoshi shida da mai zobe ɗaya. Mai ko giris kada ya taɓa farantin.

7. Gishiri shi ne abokin gaban hob a nan. Da an yi ƙanƙara hukumar tsaftar birni ke watsa gishiri a tituna, kuma wanda ke bin hanyar keke ta gefen Jamaica Bay, ta Cross Bay Boulevard zuwa Broad Channel da Rockaway, yana shan iskar teku da yashi ko da rani. Gishiri yana cin notin sifok har ya manne ya ƙi juyawa, musamman na alminiyam. Na tagulla ya fi juriya. Bayan an hau keke a kan jiƙaƙƙen titi lokacin sanyi, a ɗauraye ƙafafun da ruwa a bokiti a goge da tsumma. Ban da ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota, don yana kutsawa cikin boris ya kori giris.

Gwajin boris ba wuya. Ka riƙe taya ka girgiza ta gefe da gefe: idan ka ji ƙwas-ƙwas, ya saki. Ka cire ƙafar ka juya aksil da yatsu: idan ka ji kamar akwai tsakuwa, ya bushe ko ya cinye. Kafin sayen ƙafar baya kuma a auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam. Gaba yawanci milimita 100 ne, baya 130 ko 135, sababbi masu aksil mai kauri 142 ko 148. A kuma tambaya ko giyar firiwil ce mai ɗauri da zare, ko wadda ake zurawa a kan hob, domin ba sa musaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki tsohuwar ƙafar ka tafi da ita shago.

8. Ga masu kai abinci da keken lantarki, waɗanda 'yan Afirka ta Yamma ke da yawa a cikinsu daga Bronx har Harlem da Queens. A yawancin kekunan nan injin yana cikin hob ɗin baya ne, saboda haka ƙafar baya tana ɗauke da nauyin inji, da naka, da na jaka, ga kuma fizgar tashi a kowace danja. Sifok ɗinta gajeru ne masu kauri, kuma ba kowane shago ke da irinsu ba. Ka sayi 'yan ƙari ka ajiye. Ka riƙa duba su kowane mako, ranar da kake buga iska.

Idan za ka cire ƙafar don faci, ka kashe keken, ka zare mahaɗar wayar inji tukuna, ka ɗauki hoton yadda wasoshin aksil suke jere. A cikinsu akwai mai ɗan harshe da ke hana aksil juyawa a mazauninsa. Idan aka mayar da shi ba daidai ba, aksil zai murɗa ya tsinke wayar, kuma gyaran wannan ya ninka kuɗin faci sau da yawa. Tunda cire ƙafar nan wahala ce, taya mai sulke a ciki ta cancanci kuɗinta. Awa ɗaya a gefen titi da oda a jaka ta fi bambancin farashin tsada.

Tun Satumbar 2023 dokar birnin ta hana sayar da keken lantarki ko batir da ba shi da shaidar gwajin UL, bayan gobarar da batura suka yi ta haddasawa a gidaje. Kada a yi cajin batir a bakin ƙofar fita, kada a bar shi a wuta a kwanta.

9. Keken yaro da girman ƙafa ake auna shi: 12, 16, 20, 24. Kada a sayi babba wai don ya girma da shi, yaro ya iya dire ƙafafunsa a ƙasa. Akwai kuma dokar da ta shafi ƙafa kai tsaye. A New York haramun ne hawa keke a kan dakalin masu tafiya a ƙasa, sai ga yaro mai shekara 12 ko ƙasa da haka, kuma ƙafar kekensa ba ta kai inci 26 ba. Hular kwano wajibi ce ga duk wanda bai kai 14 ba. 'Yan madubban nan da ke maƙale a sifok, waɗanda yara ke son ɓallewa, a bar su, da su direba ke ganin keke daga gefe da dare.

10. Ɓarawon birnin nan ba sai ya ɗauki keke duka ba. Ƙafar da ke da ɗan hannun buɗewa, wanda Tullio Campagnolo ya ƙirƙiro don 'yan tsere su canja taya da sauri, daƙiƙa biyar ta ishe shi. Ka sa makulli mai siffar U ya haɗa firam da ƙafar baya da ƙarfen da ka jingina, ka zura waya ta ƙafar gaba. Ko ka canja hannun da noti mai buƙatar sifana. Ƙafar baya ta fi tsada, ita za a fara karewa.

11. Idan ka yi faci, ka karanta ramin kafin ka liƙe. Huda biyu a jere kusa da juna na nufin rim ne ya datse tub, wato iska ta yi kaɗan. Huda a cikin ciki, ɓangaren da ke kallon rim, na nufin ƙyallen rim ya goce ko ya tsufa, kan sifok ya taɓo. Huda ɗaya a waje kuma ƙwalba ce ko waya, kuma sau da yawa tana nan maƙale. Ka bi cikin tayar da tsumma a hankali har ka same ta, in ba haka ba sabon tub ma zai bi sahu kafin ka kai kwana. Wajen liƙi, a kankare wurin, a shafa gam siriri, a jira ya bushe sarai kafin a ɗora faci. Masu facin gida sun san wannan jiran, shi ya sa suke hura wa gam iska suna hira.

12. Idan keken zai bi ka ta JFK. Ka roƙi kwalin keke a shagon unguwa, sau da yawa kyauta suke bayarwa. A cire ƙafar gaba da feda, a juya kan keke. A sa ɗan katako ko roba tsakanin ƙafafun fok don kada a matse su, a rufe bakin aksil da kwali mai kauri don yakan huda akwati ya fito, a cire farantin birki a sa shi tsakanin kwali biyu. Ƙafar da aka cire a jingina ta da firam da tsumma a tsakani, kada a ɗora mata gwangwanin madara da takalma. A rage iskar taya idan kamfanin jirgi ya ce a rage, amma a bar kaɗan ta kare bakin rim.

Nauyin jaka ɗaya a yawancin tikiti kilo 23 ne, ƙa'idar girman kwali da kuɗinsa kuwa kowane kamfani da tasa. Ka tambaya kafin ranar tafiya, ka kuma tambayi ƙa'idar jirgi na biyu idan za ka canja a Alƙahira, Kasablanka ko Istanbul. Ƙananan gwangwanayen iskar buga taya ba sa wucewa wurin bincike, ka bar su a gida. Batirin keken lantarki kuwa ba ya hawa jirgin fasinja sam. Iyakar da aka yarda ita ce awon wat-awa 160, shi ma da izinin kamfani, alhali batir mai bolt 48 da amfiya-awa 14 ya kai 672. Wanda ya nace sai ya aika irin wannan keken, ya nemi masu lodin kwantena ta ruwa, ya kuma gaya musu gaskiya cewa akwai batir a ciki.

13. Kafin ka biya kuɗin kaya, ka tambayi kanka ko za a sami tayarsa a can. Keke mai siririyar taya da bawul Presta da sifok 24 abin sha'awa ne a titin Queens, amma a yashin Maraɗi ko hanyar ƙauye mai ƙaya, wata biyu zai yi ya koma rataye a zaure. Wanda ya fi dacewa da gida shi ne mai lamba 559, mai sifok 36, mai bawul irin na mota da birki mai kama rim. Kekunan gwanjo irinsa sun daɗe suna shiga kasuwanninmu, don haka masu gyara sun san shi kuma kayansa ba sa wuyar samu. Idan kuma wanda ke hannunka mai 622 ne ko 584, ka cusa taya biyu, tub huɗu, ƙyallen rim da sifok goma masu tsawon nasa a cikin kwalin, ka rubuta lambar da alƙalami mai kauri a takarda ka liƙa a ƙarƙashin sirdi.